Tsofaffin taragai a talabijin, da idon wani kafinta na Damagaram

Damagaram ba ta taɓa jin kukan jirgin ƙasa ba. Yaron da aka haifa a Birni ko a Zango zai iya girma har ya yi furfura bai taɓa sa ƙafarsa cikin tarago ba, sai dai idan fatauci ko karatu ya kai shi Kano ko wata ƙasa mai layin dogo. Duk da haka, a makonnin da suka wuce babu abin da ya riƙe ni da kawuna a gaban talabijin bayan sallar isha'i kamar wani shiri da muke kamawa ta tauraron ɗan Adam, wanda ke bin yadda ake gyara tsofaffin taragan fasinja a Ingila. Kawu tsohon kafinta ne wanda raunin ido ya sa ya ajiye zarto da guduma, kuma ba ya jin yaren da ake yi a shirin, amma ya fi ni fahimtar abin da ake nunawa nesa ba kusa ba.

Taragon da aka fara nunawa a gona aka samo shi. Tun zamanin da, idan kamfanonin jirgin ƙasa na Ingila suka gama da taragon katako, sukan cire masa ƙafafu da ƙarafan ƙasa, su sayar da gangar jikin ga manoma da masu ƙaramin ƙarfi, wasu su mai da shi akurkin kaji ko rumbun ajiya, wasu kuma su zauna a ciki da iyalinsu a bakin teku. Wannan ne ya sa wasu taragan da aka ƙera tun ƙarni na 19 suka tsira har zuwa yau, domin wanda ya mai da tarago ɗaki ba zai bar rufinsa yana yoyo ba. Da masu gyaran suka ɓamɓare allon gefe, sai kyamara ta matso kusa da wata gaɓa inda aka fafe katako ɗaya, aka sassaƙa wani ya shiga cikinsa daram ba tare da ƙusa ba. Kawu ya ja kujerarsa gaba, ya ɗora hannu a gwiwata, ya ce, "Ɗana, duba nan. Wanda ya yi wannan haɗin ba a tsaye yake a kansa ana ce masa ya yi sauri ba." Daga wannan daren ya zama shi ne mai tuna mini lokacin shirin.

Aikin kansa ya fi yadda na zata zurfi. Ƙashin taragon da katako mai tauri ake yin sa, kuma wasu kamfanoni sun fi son itacen tik da ake kawowa daga Bama, saboda yana da maiƙo a jikinsa, ruwa ba ya saurin cin sa, ƙwari ma ba sa son sa. Rufin kuwa alluna ne da ake lanƙwasawa, a shimfiɗa tamfol a kai, a bi shi da fenti har ya daina shan ruwa. Kujerun da gashin doki ake cusa su, tagogin ƙofa kuma da maɗaurin fata ake ɗaga su a sauke su, ana maƙala hudar fatar a wani ɗan ƙusa na tagulla gwargwadon iskar da mutum yake so. Fenti da man ƙyalli ba sau ɗaya ko sau biyu ake shafawa ba: a shafa, a jira ya bushe, a goge shi har ya yi sumul, a sake shafawa, a yi ta maimaitawa har mutum ya iya ganin fuskarsa a jikin katakon. Tun da yake gangar jikin ta rabu da ƙafafunta shekaru da dama, sai an nemo wata shimfiɗar ƙarfe mai ƙafafu da ta dace da ita, a haɗa mata birki, a gwada ta a gaban masu bincike, domin mutane masu rai za ta ɗauka, ba ado kaɗai za a yi da ita ba.

Akwai kuma muhawarar da ba ta ƙarewa tsakanin masu wannan sana'a, wato wane katako za a bari, wane za a canja. Idan aka canja komai, tarago sabo ne aka ƙera aka laƙa masa tsohon suna, idan kuma aka bar ruɓaɓɓe don son asali, an jefa rayuka cikin haɗari. Faransawa sun san nauyin wannan tambaya, domin taragon da aka sa hannu a cikinsa kan tsagaita wutar yaƙin duniya na farko a dajin Compiègne, ranar 11 ga Nuwamba 1918, Jamusawa sun tafi da shi a 1940, ya hallaka a 1945, kuma wanda baƙi ke gani a wurin a yau ɗan'uwansa ne da aka ƙera iri ɗaya. Da na fassara wa Kawu wannan batu, sai ya ce a sana'arsu ma haka abin yake, kuma shi ƙa'idarsa ita ce a datse inda gara ta ci kawai, a yi wa sauran ƙari, a bar hannun mai aikin farko ya ci gaba da bayyana.

Inda na fara samun saɓani da shirin shi ne yadda yake cin lokaci. Aikin da a zahiri yake ɗaukar shekaru, har wani lokaci wanda ya fara shi ba shi ke gama shi ba, sai a dunƙule shi cikin abin da bai kai awa ɗaya ba. Ana nuna kango, a nuna fuskokin mutane cikin damuwa, a yi ta nanata cewa saura kwana kaza a kai wa'adi, sannan kiɗa ya tashi, a yaye ƙyalle, tarago ya fito yana walƙiya. Tsakanin kangon da walƙiyar nan ne aikin yake, kuma nan ne kyamara ta fi yin rowa. An nuna wata dattijuwa tana ɗinkin kujera da lanƙwasasshiyar allura, tana jan zare tana daidaita gashin dokin da tafin hannu, amma kafin Kawu ya gama gyara tabarau an riga an wuce ta. Ya juyo gare ni da ɓacin rai na gaske, ya ce, "To ina sauran aikin?" Na fahimci cewa mai shirya shiri yana tsoron kada mai kallo ya gaji ya canja tasha, amma ina ganin wannan tsoron yana raina mai kallo, kuma yana koya wa matasa cewa gwaninta abu ne da ke faruwa tsakanin talla da talla.

Ba zan hana talabijin haƙƙinsa ba. Mafi yawan masu wannan aiki a Birtaniya ƴan sa-kai ne, tsofaffin ma'aikata da malamai da injiniyoyi da ke ba da ranakun hutunsu kyauta, kuma al'adar ta samo asali ne tun 1951, lokacin da wasu masu sha'awa suka karɓi ƙaramin layin Talyllyn na yankin Wales suka ci gaba da tafiyar da shi, sannan layin Bluebell na kudancin Ingila ya biyo baya a 1960. Irin waɗannan ƙungiyoyi da kuɗin tikiti da gudunmawar jama'a suke rayuwa, saboda haka duk daren da aka nuna su, akwai fatan wani ya aiko da taimako, ko wani saurayi ya zo ya ce a koya masa. Wannan amfani ne babba, domin sana'ar da ba ta da magaji ta kama hanyar kabari ko da kayan aikinta suna nan.

Abu na biyu da ya tsaya mini a rai shi ne irin taragan da kyamara ta fi so. Ta fi son na sarauta da na masu hannu da shuni: taragon Sarauniya Victoria na 1869 mai ado da siliki shuɗi, wanda ke gidan tarihin jirgin ƙasa na birnin York, ko kuwa taragan Orient Express, jirgin alfarmar da ya fara tashi daga Paris a 1883. Labarin wannan na biyun an sha ba da shi, yadda attajirin nan Ba'amurke James Sherwood ya sayi taragai biyu a wani gwanjo a Monte Carlo a 1977, ya bi sauran yana tattarowa, har jirgin ya koma kan dogo a 1982. Suna da kyau ƙwarai, babu mai musun haka. Amma mutum nawa ne suka taɓa shiga irinsu? Taragon da ya ɗauki duniya shi ne na talakawa, mai bencin katako, kuma shi ne wanda Kawu ya sani.

A ƙuruciyarsa ya hau babbar mota daga nan zuwa Kano, ya shiga jirgi zuwa Ikko neman aiki. Har yau yana iya siffanta bencin da ya zauna a kai, yadda zaman dubban mutane ya goge katakon har ya yi santsi kamar an shafa masa mai, da yadda mata ke miƙo abinci ta taga a kowace tasha, da tsayuwar da aka yi kafin a ƙetare kogin Kwara a Jebba. Ya ce a wannan tafiyar ce ya fara lura da yadda ake haɗa katako ya jure girgiza, domin kujerar ɗaki a zaune take wuri ɗaya, ta jirgi kuwa kullum ana jijjiga ta, idan haɗinta na ƙarya ne ba za ta kai shekara ba.

Saboda haka ba daidai ba ne a ce mu mutanen Damagaram ba mu da rabo a tarihin jirgin ƙasa. Dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930, kuma gyaɗar da kakanninmu suka noma a ƙasar Magarya da Matamaye, da fatun da suka jeme, ta waɗannan tashoshi da yawansu suka bi zuwa bakin teku. Ta yamma kuma akwai layin Kwatano zuwa Paraku a ƙasar Benin, wanda ƙasarmu ta shiga hukumar haɗin gwiwar tafiyar da shi a 1959, a da kayanmu kan sauka a Paraku manyan motoci su ƙarasa da su. Layin Yamai zuwa Doso da aka ƙaddamar a 2016 bai zama hanyar sufurin yau da kullum ba, yanzu kuma ido yana kan na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021. Wannan sabon layi mai faɗin milimita 1435 ne, tsohon na Najeriya kuwa 1067 ne, wato tsofaffin taragai ba za su taɓa hawa sabon dogo ba. Abin da ba ya aiki kuma a ƙasashenmu, kowa ya san masu sayen tsohon ƙarfe ba sa barin sa ya daɗe.

Ba sai an je Turai ba kafin a ga cewa ana iya ceto su. Saliyo ta rufe layin dogonta a 1974, amma wasu injuna da taragai suka zauna a rumfunan gyara na Cline Town a Freetown, suka tsallake yaƙin basasa, aka share su aka gyara, aka buɗe gidan tarihi da su a 2005, har da taragon da aka tanadar wa Sarauniya Elizabeth don ziyararta ta 1961. A Ebute Metta ta Ikko ma an gyara wani tsohon gidan ma'aikatan jirgin ƙasa, Jaekel House, an mai da shi wurin adana hotuna da kayan aikin dogo. Irin wannan labari nake marmarin gani da Hausa a gidajen talabijin namu, a nemo tsofaffin direbobi da masu duba tikiti da kafintocin rumfar gyara tun suna da rai, a zaunar da su kusa da taragon da suka yi wa hidima, a bar su su yi magana ba tare da an katse su ba.

Kuma idan mai kyamara ya tashi, ina roƙon ya fara daga gida. Hannun da na ga yana yanka maɗaurin taga a Ingila ba shi da bambanci da na dukawanmu da ke aikin fatar da aka jeme da bagaruwa, kuma haƙurin mai shafa fenti bi da bi shi ne na maginin da ke yi wa bangon Birni yaɓe da zane, yana jiran wannan ya sha iska kafin ya ɗora wancan. Garin nan ya riƙe babban birnin Nijar har zuwa 1926, kuma a lungunansa akwai ƙyamaren zaure da rufin azara da suka girmi wasu taragan da ake yi wa biki a talabijin. Su ma suna buƙatar wanda zai san inda zai datse da inda zai bari, suna kuma buƙatar kyamarar da za ta zauna kusa da shi tun daga hantsi har la'asar.

Washegarin daren da aka nuna kashi na ƙarshe, na fito da safe na tarar da Kawu a zaure tare da ƙaramin jikansa, sun jingine tsohon ƙyauren gidanmu da aka cire tun shekarun baya aka sa na ƙarfe a madadinsa. Ya riƙe hannun yaron yana bi da yatsunsa a kan katakon, yana ƙwanƙwasa nan da can da bayan wuƙa, yana ce masa ya saurara. Inda katakon yake da rai, ƙarar takan fito tsaf, inda gara ta shiga kuwa sai a ji ta kamar ganga. Da ya gan ni sai ya ce, "Ɗana, kashi biyu cikin uku na ƙyauren nan lafiyarsa lau. Idan ka shiga kasuwar Dole, ka nemo mini maɗaci busasshe, kamu uku, kada ka karɓi ɗanye ko da an rage maka kuɗi."