Amanda Nunes ta cinye min data

Jiya da daddare ƙanina ya turo min bidiyon faɗan Amanda Nunes da Ronda Rousey na 2016, wallahi ban gama gyara zama ba alƙalin wasa ya shiga tsakani, daƙiƙa 48 kacal! Ita Ronda fa ba kanwar lasa ba ce, ta ci tagulla a judo a gasar Olamfik ta 2008, amma naushin Amanda, 'yar Brazil ɗin nan, sai da ya sa ta tangaɗi. Daga nan na yi ta bin faɗace-faɗacen Amanda, ashe a 2018 ma ta kwantar da 'yar dambe Cris Cyborg ta haɗa kambu biyu a UFC, wato gasar faɗan da ke haɗa dambe da kokawa. Wata 'yar dambe, Julianna Peña, ta shaƙe ta ta karɓe kambu ɗaya a 2021, bayan wata bakwai Amanda ta dawo ta ƙwace kayanta.