Farautar alƙaluman sadaka daga Agege

Wani fom ne ya jawo mini wannan wahala. Ƙungiyarmu ta zumunta a nan Agege da ke Legas, wadda nake riƙe wa muƙamin sakatare, ta ji labarin wata gidauniya da ke tallafa wa ƙananan ƙungiyoyi. Bayan sallar isha'i shugaba ya miƙo mini takardun, ya ce, "Malam sakatare, kai ne ɗan bokonmu, cike mana." Shafin farko ba wuya. A shafi na uku aka nemi yawan mabuƙata a yankinmu, da yawan masu aikin sa kai, da awoyin da suke bayarwa kowane wata, kuma a nuna inda aka samo alƙaluman. Nan biro ya tsaya.

Mako uku na yi ina wannan farauta, yawanci a waya, cikin danfo idan gosulo ya riƙe mu a hanyar Oshodi. Data dai ta ji jiki.

Na fara da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, domin rahotanninta kyauta ne a shafinta. Binciken yanayin rayuwa na 2018 zuwa 2019 ya ce kashi 40 cikin ɗari na 'yan Najeriya na cikin talauci, kimanin mutum miliyan 83. Sakkwato ta haura kashi 87, Legas kuwa kashi 4.5 kacal. Na daɗe ina kallon wannan lamba. Duk wanda ya karanta ta daga nesa zai ce mutanen Ikko ba su da matsala, alhali da zai bi ta titin Kano a Ebute Metta ranar Juma'a ya ga mabarata, ko ya ga inda 'yan dako ke kwana a kasuwar Mile 12, da ya sake shawara. Ba ƙarya lambar ta yi ba, jiha guda ta auna, mu kuwa unguwa muke nema. Rahoton Nuwamba 2022, wanda ya haɗa da lafiya da ilimi da muhalli, ya kai adadin zuwa miliyan 133, amma shi ma bai san wani abu wai shi Bahaushen Agege ba. Ƙidayar ƙarshe tun 2006 aka yi ta, ba ta tambayi ƙabila ko addini ba, kuma ita kanta gwamnatin Legas ba ta amince da miliyan tara da aka ba ta ba. Saboda haka in ka ji wani ya faɗi yawan Hausawan Legas da ƙarfin murya, tambaye shi a ina ya gani.

Daga nan na leƙa shafin CAC, hukumar da ke yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rijista a ƙarƙashin dokar da aka sabunta a 2020. Kana rubuta sunan ƙungiya za ka ga lambarta da ko tana raye a wajensu. Na rubuta tamu don gwaji, sai ga ta a jerin waɗanda ba sa aiki. Laifinmu ne, shekaru ba mu kai rahoton shekara-shekara ba, kowa na zaton wani ya yi. Abin da shafin ba zai nuna maka ba shi ne nawa ƙungiya ta tara, nawa ta kashe. A Ingila, hukumar da ke kula da ƙungiyoyin agaji tana baje wannan a fili ga kowa, kuma na yi amfani da ita na duba wata ƙungiyar can da ta taɓa raba kayan azumi a nan.

Inda na fi jin daɗi shi ne rahotannin gidauniyar CAF ta Birtaniya. Daga 2010 zuwa 2024 ta riƙa jera ƙasashe bisa kyauta, da tambayoyi uku da kamfanin Gallup ya riƙa yi wa mutum wajen dubu ɗaya a kowace ƙasa: a watan da ya wuce, ka taimaki wanda ba ka sani ba, ka ba ƙungiyar agaji kuɗi, ka ba wata ƙungiya lokacinka? A 2024 Indonesiya ce ta ɗaya, Kenya ta biyu, Najeriya ta biyar. A 2025 suka sauya ma'auni, suka lissafa har da abin da ake bayarwa hannu da hannu da wanda ake bayarwa ta hanyar addini, sai Najeriya ta koma ta ɗaya, da kashi 2.83 na abin da mutum ke samu. Ai ba halinmu ne ya sauya cikin shekara guda ba, tambayar ce ta matso kusa da yadda muke bayarwa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 kan aikin sa kai ya faɗi makamancin haka: kusan kashi 70 na wannan aiki a duniya ba ta hannun wata ƙungiya yake bi ba. Mu gayya muke kiransa, ko zumunci, ko kuma ba mu kiransa komai. Ka tambayi wanda ya bar shagonsa ya tafi haƙa kabari ko shi ɗan sa kai ne, zai ce a'a, ai 'yan agaji su ne masu kaki da ke tsare sahu ranar Idi.

Duk waɗannan sun cike mini sakin layi biyu. Sauran shafin sai da na je wajen ma'ajinmu, dattijo mai sayar da goro, wanda ya riga yawancinmu zuwa kurmi. Na ce, "Baba, ko akwai wani abu a rubuce?" Ya jawo wata baƙar leda daga ƙarƙashin tebur. Littattafan makaranta ne guda uku, bangonsu ya yi laushi da maiƙo, cike da ajami. Ya sa tabarau yana karanta mini ina juyawa zuwa boko: likkafani, kuɗin mota ga yaron da aka sace wa jaka, zuwa Funtuwa, karo-karon asibiti ga mai jego, buhun gero na kunun buɗa baki. Kowane da ranarsa, da watan Musulunci. Abin da na yi mako uku ina nema a intanet yana nan ƙarƙashin huhun goro.

Matsala ɗaya, rabin masu bayarwar sunansu "wani bawan Allah". Na ce, "Baba, masu fom suna son sunaye." Ya cire tabarau ya ce, "Yaro, mutum ya ɓoye wa hagunsa abin da damansa ya bayar, ni ne zan tona shi don takarda?" Ban sake tayar da maganar ba. Na rubuta jimilla, na bar sunaye.

Awoyi kuwa ba wanda ya taɓa rubutawa. Na zauna da matasanmu muka lissafa jana'iza ɗaya tun daga wanka har dawowa daga maƙabarta, muka ninka da abin da ke littafin, kuma na bayyana a fom ɗin cewa ƙiyasi ne. An miƙa shi, har yau shiru. Na sayi sabon littafi na ja masa layi uku, na mutane da na awoyi da na aikin da aka yi. Baba ya karɓa ya jujjuya, ya ce zai riƙa cikewa, amma da ajami.