Kwana 19 a kan Kwara ni kaɗai

Jiya na miƙa makullin buro, yau ina gida Maradi. Tunda na ajiye aikin, bari in faɗi abin da ya daɗe yana cina a rai game da tafiyar aikin da na yi cikin jirgin ruwa a kan kogin Kwara, daga Say zuwa Gaya.

Waɗanda muka yi aiki tare sun san yadda aka yi. Mutum biyu aka rubuta a takarda za su je ƙidayar masunta da jiragensu, ni da matuƙi ɗan kogin. Ana saura kwana biyu shef ya soke matuƙin, wai kuɗi sun gaza, ya ce ai ya ji labari na iya jirgi. Na iya kam, amma a tafkin Madarunfa na koya wajen kawuna, ruwan da ba ya gudu. Gulbinmu na Maradi kuwa sai da damina yake kawowa, da rani yashi ne zalla. Kwara ba tsararsu ba ce. Na san haka, na yi shiru, don ina sabon ɗauka, ina gudun a ce ba ni da zuciya.

Kwanakin farko sun yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Da asuba in yi alwala daga gefen jirgi, in kwashe ruwan da ya tsattsafo cikin dare da gwangwanin tumatir, in ɗora shayi a ɗan kurfoti. Abincina garin rogo da ƙuliƙulin da inna ta ƙulle mini, sai ranar da masunta suka ba ni tarwaɗa ko karfasa. Watan Mayu ne, ruwa ya janye sosai, inda moter ba ya aiki sai in ɗaga shi in sa gora. Kainuwa ta naɗe farfela, in tsaya in cire da hannu. Da dare in ɗaure a bakin tungar masunta, in kafa gidan sauro cikin jirgi, ina jin gurnanin dorina can nesa.

Rana ta 16 na sauka wata tunga kusa da inda kogin ke yin kwane-kwanen nan da gandun dajin W ya samo sunansa. Sarkin ruwan wurin dattijo ne, Basarke, Hausarsa irin ta mutanen Kabi. Ya dubi gabas, ya dubi jirgina, ya ce: "Yaro, kwana nan. Gaba duwatsu ne, ga hadari. Gobe jikana ya wuce da kai." Na ce: "To Baba, bari in sanar da maigidana." Na hau tudu na samu rezo. Shef ya ce ran Alhamis baƙi za su iso Gaya, lallai su tarar da ni da takarduna, shi ba ya biyan kuɗin misiyo don a yi kwance a ƙauye.

Na sauko ban iya haɗa ido da dattijon ba. Bai ƙara cewa uffan ba, sai ya miƙo mini busasshen kifi cikin leda. Na tada moter bayan la'asar.

Ko awa biyu ban yi ba iska ta taso da jar ƙura, gaɓa ta ɓace mini. Sai na ji ƙarar katako a kan dutse, jirgin ya juya ya ba ruwa gefe, ya kife. Allah ya sa ruwan iya ƙirji ne. Na riƙe igiya har gari ya lafa. Littattafai uku na ƙidaya, aikin sati biyu, suna cikin jakar da ban ɗaure ba, ruwa ya tafi da su. Da safe jikan nan da aka so a haɗa ni da shi, shi ya zo ya tsamo ni, don kakansa ya ce ya bi sawuna.

Da na samu shef a waya, tambayarsa ta farko: "Ina moter?" Har yau ina jin muryar. Bai tambayi lafiyata ba, kuma a rapor ya rubuta cewa na yi tafiyar yamma da ganin kaina. Aka yanke mini albashin wata biyu. Na karɓi laifin ƙin jin maganar babba, wannan nawa ne. Wancan kuwa ban yafe ba tukuna.

Ku da za a tura nan gaba, umarnin da aka ba ku ta waya ku ce a turo shi a rubuce. Takarda a leda biyu, a ɗaure ta jikin jirgi. Kowace tunga a fara da gaida sarkin ruwa.

Bayan wata biyu na koma da kuɗin aljihuna, ni da yaron nan, muka sake ƙidayar tunga bayan tunga. Ita ce ke cikin kundin da buro ke nuna wa baƙi, ko da yake ba sunana a kai. Na kai wa dattijon goro da turmin shadda daga babbar kasuwar Maradi. Ya karɓa, ya sa albarka, ya tambaye ni ko kawuna na Madarunfa yana nan da rai.