Labarin zuciya idan babu fuska

Hausawa suka ce labarin zuciya a tambayi fuska. A makaranta ma haka aka koya mana: ki lura da idon mai magana, da yadda yake murza yatsu, da lokacin da ya sunkuyar da kai. Sai ga shi a watan Afrilun 2020, da aka kulle Kano saboda korona, ƙungiyar da nake wa aikin sauraro da ba da shawara ga masu damuwa ta rufe ɗakin ganawarmu, aka ce kowa ya koma waya. Na ɗauka abin na ’yan makonni ne. Har yau mafi yawan waɗanda nake saurara ban san kamanninsu ba, don kiran bidiyo yana cin data, matan aure da yawa kuma ba za su buɗe kyamara ba. Murya ce kawai, sai saƙon WhatsApp.

Kuskuren da ya fi tsaya mini a rai na yi shi ne a watan farko. Wata amarya, wata bakwai da kai ta ɗaki, muka yi magana har sau uku, amsarta ba ta wuce “eh”, “a’a”, “lafiya lau, Anti”. Na rubuta a takardarta cewa ba ta shirya buɗe cikinta ba. Rana ta huɗu ta kira bayan sallar asuba, tana raɗa, ina jin ƙarar murfin tukunya a gefe. Ashe duk kiran da muka yi a baya uwar mijinta na zaune a tabarma ɗaya da ita, wayar ma ta ƙanin mijin ce. A ofis ni ke rufe ƙofa in ba mutum sirri. A waya kuwa ƙofar tana can wajensa, gidajenmu kuma da wuya a samu ɗakin da mutum zai kaɗaice. Tun daga ranar ba na fara tambayar abin da ke damun mutum. Sai na ji inda yake, da wanda ke kusa, da mai wayar. Mukan yi alama: idan wani ya shigo, ta ce “to, sai na aiko da kuɗin atamfar”, ni kuma in yi sallama. Ba na kira sai a lokacin da muka tsayar, ba na kuma barin saƙon muryar da zai tona asiri idan ya faɗa kunnen wani.

Kusan babu wanda ke kira ya ce yana da damuwa. Jiki ake fara kawowa. Kaina na ɗaukar zafi, gabana na faɗuwa ba dalili, ƙirjina kamar an ɗora dutse, barci ya ƙaurace mini. Kafin a iso gare ni an sha maganin taifot da na olsa a kemis, wasu an yi musu ruƙiyya. Muna da takardar awon fargaba mai suna GAD-7: tambayoyi 7 a kan makonni 2 da suka wuce, maki daga 0 zuwa 21, wanda ya kai 10 kuma a ƙara bincikarsa. Tana da amfani, amma da na riƙa karanto ta a jere kamar jarrabawa sai hirar ta mutu. Yanzu cikin zance nake saƙa tambayoyin, da kalmomin da mutumin ya zo da su. Ba na kuma saurin cewa duk faɗuwar gaba tunani ne. Ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo su ma suna sa zuciya bugu, ni kuwa ta waya ba ni da abin awo, don haka nakan ce a je asibiti a duba jini mu ci gaba da maganarmu.

Sai maganar haƙuri, wadda ta fi kowace ɗaukar mini lokaci. Wani magidanci da kasuwancin jigilarsa ya durƙushe bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 yakan kira ni daga cikin motarsa. Kullum da safe yana wanka ya sa hula ya fita, don kada iyali su gane babu inda za shi. Da ya gama ba ni labari sai bakina ya riga ni, na ce, “Alhaji, sai haƙuri.” Ya yi shiru, sannan ya ce, “Malama, kowa haka ya ce.” Ba haƙurin ya ƙi ba, mutum ne mai riƙo da addini. Abin da ke cin sa shi ne tsoron kada wannan zullumin ya zama alamar raunin imaninsa, kuma duk wanda ya ce masa ya yi haƙuri sai ya ji kamar an tabbatar masa da zargin. Kalmar tana da girma a wurinmu, amma idan ta zo da wuri rufe bakin mai magana take yi.

Abin da ya yi masa amfani ba wani babban abu ba ne. Tsarin PM+ na Hukumar Lafiya ta Duniya muka bi, wanda ke koya wa mai damuwa yadda zai tunkari matsalolinsa, zama 5 ne. Ya koyi jan numfashi a hankali idan ƙirjin ya ɗaure. Muka jera matsalolin, muka ware waɗanda ke hannunsa da waɗanda ba sa hannunsa, ya zaɓi ɗaya tak: faɗa wa uwargidansa gaskiya. Mako biyu yana juya yadda zai fara. Na samu ƙarfin gwiwar bin wannan hanya daga aikin Dakta Dixon Chibanda a Harare ta Zimbabuwe, wanda ya horar da kakanni mata su zauna a benci a harabar asibiti suna sauraron mutane. Ciwon da suke magani a harshen Shona sunansa kufungisisa, wato yawan tunani, sak yadda mu ma muke faɗa.

Waya tana da iyaka, kuma na yarda da hakan ba tare da jin na gaza ba. Wanda ya fara jin muryoyi, ko ya kwana uku bai runtsa ba yana ta sambatu, ko maijegon da ta daina kallon jaririnta, likita suke buƙata ido da ido. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, kuma sai a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Don haka idan na ce wa mutum ya je asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, ko na Barnawa a Kaduna, ko na Kware, ko na Maiduguri, na san ba ƙaramar tafiya na ɗora masa ba, ga kuma tsoron a ce ya haukace. Tun a zaman farko nake karɓar sunan unguwa da lambar mutum ɗaya da ya amince da shi. Idan na ji alamar ya gaji da rayuwa, kai tsaye nake tambaya ko yana tunanin kashe kansa. Da farko harshena nauyi yake yi. Waɗanda na tambaya kuwa, galibinsu ajiyar zuciya suka fara yi kafin su amsa.

Shiru ma iri biyu ne a waya. Akwai na ɗaukewar sabis, akwai na wanda kuka ya shaƙe. A da, da zarar an yi shiru sai in hau “kina ji na? kina ji na?”, in katse wa mutum abin da ya daɗe yana tattaro ƙarfin faɗa. Yanzu nakan kasa kunne. Idan ina jin kukan kaji ko ƙarar fanka a can ɓangaren, na san layin na nan. Sai in ce, “Ina nan, ban kashe ba,” in jira.