Ba kowane baƙin farce muke sa wa reza ba

Shagona na yankan farce da gyaran ƙafa yana Ƙofar Wambai, ni da yara uku. Abin da nake fara koya wa yaro kafin ya riƙe almakashi shi ne ya kalli farcen da kyau, musamman na babban yatsa idan ya yi baƙi.

Galibi jini ne ya kwanta a ƙarƙashi. 'Yan ƙwallo da masu matsattsen takalmi da wanda ya yi tuntuɓe, su ne kan gaba. Wannan haƙuri kawai yake so, domin farcen ƙafa bai fi milimita ɗaya da ɗoriya yake tsiro a wata ba, kuma na babban yatsa kan ci shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin ya sake gaba ɗaya. Alamarsa ita ce baƙin yana matsowa gaba, sabon farce mai haske na biye da shi daga tushe.

Da damina kuwa 'yan garuwa da masu wankin mota ke kawo mana wanda ya yi kauri, ya koma ruwan ɗorawa, yana marmashewa idan an kankare. Ƙwayar cuta ce mai son danshi, har wanda ke zura safa bayan alwala bai goge tsakanin yatsu ba tana kama shi. Tana bin kayan aiki, shi ya sa kowa da sabuwar rezarsa, almakashi kuma sai an tafasa.

Wanda nake tsoro shi ne baƙin layi da ya miƙe daga tushe zuwa baki. Mu baƙar fata da yawa muna da irinsa ba tare da wata illa ba. Amma idan a yatsa ɗaya ne, sabo ne, yana ƙara faɗi ko ya malalo kan fata, yana iya zama kansar fata.

Wani dattijo mai sayar da bokitai ya miƙo min irin wannan, ya ce in kankare masa.

Na ce, "Baba, wannan ya fi ƙarfin rezata. Don Allah a je Asibitin Malam Aminu Kano, likitan fata ya duba."

Ya ce, "Ɗana, a kan farce?"

Sai da na roƙe shi sosai kafin ya yarda. Haka ma mai ciwon suga: ko ƙaramin yanka zai iya zame masa gyambo, don haka ba na barin yara su taɓa ƙafarsa, ni nake zama da kaina.