Talata a Birnin Kebbi: "da sauƙi" da 38.4

Tun bayan asuba rahoton masu ciwon daji ya fara shigowa allon asibiti daga gidajensu ta manhajar waya. Tambayoyin ba yawa: zafin jiki nawa, ciwo daga 0 zuwa 10, amai da gudawa sau nawa, an ci abinci ko ba a ci ba.

Na wata dattijuwa daga wajen Argungu ne ya fito da ja, alamar haɗari. Kwananta 9 da ƙarin ruwan kemo, wato maganin ciwon daji, ɗanta ya shigar da zafin jiki 38.4. Da aka kira ta sai ta ce, "Da sauƙi ɗiyata, 'yar masassara ce." Mutanenmu ko ba sa iya ɗaga kai, "da sauƙi" za su ce maka, shi ya sa manhajar lamba take nema. Tsakanin kwana 7 da 14 bayan kemo fararen ƙwayoyin jini kan yi ƙasa sosai, jiki ba mai tsaronsa, don haka 38 zuwa sama ba a kwana da shi a gida. Aka ce, "Inna, kada ki sha farasitamol, rufe zazzaɓin zai yi. Kada kuma a biya kemis a ce maleriya ce." A taho asibiti, a auna jini, a fara maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya ba jinkiri.

Kurakuran yau na kullum ne. Awon hammata kan gaza na baki da kamar rabin digiri, mutane kuma ba sa faɗin inda suka auna. Wani ya sa ma'auni a baki yana gama kurɓar shayi, alhali sai an jira minti 15. Wata kuma wayar na hannun mijinta a kasuwa, ya cike na kwana uku lokaci guda, da ka. Wannan bai da amfani.

Binciken da aka fitar a 2017 kan majinyata 766 a New York ya nuna masu aika rahoto sun fi sauran daɗewa a raye da kusan wata 5. Amma can da zarar alamar ciwo ta tsananta, saƙo ke zuwa wa ma'aikaciyar jinya ta bi sawu. In ba mai duba allon, kuɗin data kawai aka ƙona.

Dattijuwar ta iso kafin azahar. Mutum biyu ba su aiko komai ba har magariba, su za a fara kira gobe.