Katin ɗabi'a da muke bugawa a Fagge

Sana'armu buga takardun makarantu ce: rijista, katin sakamako, takardun jarrabawa. Amma abin da aka fi saninmu da shi shi ne katin bin ɗabi'ar ɗalibai, kuma shi nake tinƙaho da shi, don sai da na sha ƙurar alli kafin in sayi injin ɗab'i.

Duk wanda ya taɓa riƙe katin sakamakon yaro ya san gefen nan da ake ba da maki 1 zuwa 5 a kan tsafta, ladabi, zuwa da wuri da natsuwa. Tsakani da Allah, yaushe ake cike shi? Daren da za a raba sakamako, malam ya gaji, ya bi layi yana zuba 4, 4, 3. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma leƙa aji a Kurna ko Ɗorayi ka ƙirga kawuna. Wa zai tuna halin kowa na zango guda da ka? Takardar masu surutu da monita ke rubutawa kuwa, sunan abokinsa ba ya taɓa hawa kanta.

Wajen wani tsohon hedimasta na koyi aikin, Allah ya jiƙansa. Ƙwallayen dabino yake zubawa a aljihun dama, duk lokacin da yaron da yake lura da shi ya tashi daga benci ba izini, sai ya mayar da ɗaya aljihun hagu, bakinsa bai daina koyarwa ba. In an kaɗa ƙararrawa ya ƙirga. Shi ya nuna mini ba a ƙirga taurin kai ko rashin ji, abin da ido ya gani ake ƙirgawa: ya tashi, ya katse malam, ya daki na kusa da shi. Yanzu carbin nan na yatsa da ake latsawa nake ba malamai, ya fi dabino sauƙi.

A kan wannan muka gina katinmu. Yara uku kacal a mako, ɗabi'a ɗaya ga kowanne. Abin da ke faruwa ya wuce, a ja masa layi ɗaya a katin duk lokacin da ya faru. Abin da ke daɗewa, kamar shagala, ba ya ƙirguwa haka, don haka muka yi gidaje: wayar malam ta girgiza a aljihu duk minti 5, ya ɗaga kai, yaron na kan aikinsa ko a'a, ya sa alama. Darasin minti 40 gida 8 ke nan. Kuma a duba wani yaro na gefensa, don wani lokaci ajin ne gaba ɗaya ya watse, ba shi kaɗai ba. A bayan katin akwai layi uku na babban al'amari: me ya faru kafin, me yaron ya yi, me ya biyo baya. Nan ake gano mai rigimar nan kullum bayan tara yake birkicewa, ko kuwa daga inda yake zaune ba ya hango allo.

Sai masu kwaikwayo. Mutum ya samu katinmu ɗaya, ya kai shagon hoto, ya fitar da shi a takarda mai gram 60 wadda biro ke hudawa, har ya ƙara gidaje ashirin wai don ya fi namu. Malamin da ke fama da aji cike yaushe zai cike gida ashirin? Namu kwali ne mai kauri, daidai aljihun kaftani, zufar watan Afrilu ba ta narka shi.

Masu makarantu su ma sai an kai ruwa rana. "Alhaji, ai takarda ce kawai, rage mana." In ce, "Ranka ya daɗe, har da zuwan da zan yi in zauna da malamanka ranar Asabar." Ba ma sayar da katin ba tare da wannan zaman ba. Muna sa malamai biyu su lura da yaro ɗaya a darasi ɗaya, in lissafinsu ya saɓa sosai, a koma a gyara yadda aka bayyana ɗabi'ar har su daidaita. Masu son odar zango mai zuwa su zo tun ana hutu, don da an koma layin masu rijista ke cinye injin.